Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Sun kunna mini faifan a wani ɗaki mai tebur ɗaya,
mutum uku, shayi ya huce, ruwa na dukan taga.
Na ji muryata tana ƙirga tazararmu da ƙasa:
ƙafa dubu, ɗari biyar, ɗari uku.
Daga nan na ɓace.
Matar da ke riƙe da biro ta ɗago kai:
"Malam Muntari, daƙiƙa goma sha ɗaya ke nan.
Ina ka tafi?"

Ban je ko'ina ba.
Ina kujerar dama, ɗamara a ƙirji,
Aberdeen na ƙasa, in ji allo,
don teku ta yi numfashi tun la'asar
ta kifa wa gari ƙwarya.
Gilashin gaba ya koma kindirmo.
Ko bakin fiffikenmu ban hango ba.

Dokar gajera ce, yaro ma zai haddace:
in ka sauko ƙafa ɗari biyu ba ka ga titi ba,
ba shi wuta, ɗaga hanci, koma sama, zagayo.
Mai kawai za a ƙona.

Kyaftin Rennie ya ce, "Ga fitilu can."
Shekara talatin da huɗu yana sauka a filin nan.
Shi ya sa hannu a takardata ta farko,
shi ya ara mini kwat ranar da sanyi ya kusa sa ni kuka,
matarsa Morag ta ware mini tukunya daban a gidansu.
Na duba.
Fitilun suna tafiya.
Fitilun titin jirgi ba sa tafiya.
Motoci ne a hanyar Dyce, suna lallaɓawa, wannan na bin wancan.

Maganar ta taso daga cikina, ta iso maƙogwaro,
ta iske mahaifina zaune a wurin, ya miƙe ƙafa:
ba a ce wa babba ya ɓata hanya,
sai dai a ce, ko za mu sake dubawa.
Na tsaya ina auna mata riga,
ina neman zaren ladabi,
ina zura allura.
Jirgi bai san ɗinki ba.

Shinge muka fara ci,
sai ciyawa, sai taɓo,
ƙafar hagu ta karye, muka ja ciki kamar kada,
ƙarfe na kuka har ya gaji.
Sai shiru.
Wata tunkiya ta leƙo ta cikin hazon tana tuƙa.

Ba wanda ya mutu, kullum haka ake ce mini.
Amma Isla, mai raba shayi, da sanda take tafiya yanzu,
wani tsoho kuma ya rubuto mini daga Shetland
cewa jirgin ruwa yake bi, awa goma sha biyu, ya fi masa.

Rennie bai sake tashi ba.
Na same shi a bakin ruwa a Stonehaven,
yana jefa wa karensa ƙwallo.
Bai zarge ni ba, da ma ya zarga.
Ya ce, "Ka gani, ko?"
Na ce na gani.
Ya daɗe yana goge yashi daga ƙwallon.
"Da ka zage ni ma, ɗana. Da na ji."

Jiya hazon ya dawo.
Ina tuƙa Hanne makaranta, shekararta bakwai,
ta ce daga baya, ba sallama, ba kwana:
"Baba, ka wuce hanya."
Na ji tsawa ta taso, ta iso inda waccan maganar ta maƙale.
Na haɗiye ta.
Na sa sigina, na juya.
Ashe ma ban wuce ba, ita ce ta ruɗe,
muka makara da minti goma,
ban ce mata komai ba.