Jar Mota a Haraj

A Haraj ta kudancin Jidda na gan ta,
ranar Juma'a, bayan la'asar,
ja, gajera, kamar an danne ta da tafin hannu.
Kujera biyu kacal, rufinta tamfol
mai faci ɗaya wajen kunnen hagu.

Dillalin, Bayamale mai haƙorin zinare,
ya daddaki bonet ya ce:
"Riyal dubu goma sha ɗaya.
Tsohuwa ce, amma ba ta tari."

Na shiga. Gwiwata ta gaisa da sitiyari.
Na murɗa makulli, ta yi gyaran murya
irin ta limamin da ya san karatunsa.

To, ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne.
Ina tsani zai kwanta? Ina tukunyar gas?
Barira za ta riƙe haɓa ta ce:
"Yara uku fa, Mudi,
ko a but za ka jera su kamar kankana?"
Ga ranar Agusta, mai dafa ƙwai a kan kwalta.

Duk na sani.
Sai dai shekara goma sha tara ke nan
ina hura wa ɗakunan mutane sanyi,
gumi na ɗiga daga gemuna,
ban taɓa sayen iskar kaina ba.
Ina son dare ɗaya a bakin teku,
rufi a naɗe, gishiri a leɓe,
hulata a ƙarƙashin cinya kada ta tashi.

Na karɓi lambar dillalin.
Na rubuta a bayan rasit ɗin gas,
na cusa a aljihun da Barira ba ta laluba.