Rabon Sikeli

Ran Talata, a babbar kotun Gadarif,
fanka na juyi kamar an tilasta ta.
Takardata na aljihu,
ta yi laushi don yawan naɗewa.

Buhu ɗari uku na riɗi, Ilyasu,
ka ɗiba a rumbuna bara waccan.
Shaidunmu mai shayi ne da Allah.
Da na kawo biro ka yi dariya,
ka ce takarda ai ta baƙi ce.
Ka dai sa hannu.

Sai ruwa ya ƙi zuwa.
Da ya zo kuma bai san gida ba,
tarakta ta nutse a laka har ƙirji.

Alƙali ya gyara tabarau ya karanta,
muryarsa ba zafi ba sanyi:
karayar arziki ta tabbata,
ba a ɗaure mutum don hannunsa wayam.
A ƙirga saura, a raba.
Leburori farko, ladan gumi.
Banki na biye, gona jingina ce.
Mu bakwai 'yan baya,
a duk fam goma a ba mu ɗaya.

Lauyana ya raɗa mini, nan hanya ta ƙare.
Na so in yi fushi,
sai na hango wuyan hannunka,
fatar ta yi haske inda agogo yake zama.

Rabona ya faɗa kan sikelinka,
na ƙarfen nan da babanka ya sayo a Madani.
Ƙato biyu suka ɗora shi a amalanke.

A bakin ƙofa, wajen mai jabana,
ka tsaya, ba ka nemi gafara ba,
ni ma ban ce na yafe ba.
Ka shafa farantin kamar goshin jaki,
ka ce, Ɗahiru, yana ɗan rinjaye,
sa tsakuwa ta hagu kafin ka auna.

Ka tafi a ƙasa, ka bi layin masu gawayi.

Shekara ashirin da shi kake auna mini.
Ga shi a zaurena tun la'asar,
ga tsakuwa a tafin hannuna.
Na kasa ɗora komai a kai.
Ina tsoron in gano waye ya ci wani,
ina tsoron ya zama ni ne.