Kwanso Ɗari Biyu a Garejin Orrin

A Wyoming, bayan garin Lusk,
inda iska ba ta neman izinin kowa,
mahaifina Orrin yana da teburin katako
wanda ya girme ni da shekara tara.
A kansa kwanson harsashi ɗari biyu,
tagulla da ta sha wuta sau huɗu, ta dawo gida
baki ya yi tsawo, wuya ya yi tauri,
gindi cike da toka.

Ya ce, Marla, kafin albarushi, kafin dalma,
kwanso ake fara tambaya lafiya.

Na buɗe littafin 'yan kasuwa, shafi arba'in,
kowane kaya na rantsuwa shi ne sarki.
Ga madatsa mai lantarki, dala ɗari biyar,
tana aske baki sittin kafin shayi ya huce.
Ga tasa, tsohuwa, mai mariƙin hannu,
fentinta ya koɗe daidai wurin tafinsa.
Ga ma'auni mai lambobi masu haske,
ga nasa mai allura kamar agogon kaka,
yana raba inci gida dubu
ba ya cin batir, ba ya ƙarya sai an yar da shi.

Amma hannun da ya riƙe su shekara arba'in
ya soma rawar da ba a yi masa kiɗa ba.
Bara ya datse goma sha ɗaya fiye da kima.
Bai faɗa ba. Na gan su a gwangwanin kofi
ƙarƙashin tsumma, kamar abin kunya.

Sai na sayi mai lantarkin.
Kwalin ya kwana uku bakin ƙofa,
dusar ƙanƙara ta yi masa hula.

Ran na huɗu ya zuba kwansayen cikin tukunya mai jijjiga
da niƙaƙƙiyar totuwar masara,
suka yi ta gunaguni har la'asar,
suka fito suna ƙyalli kamar haƙorin makka.
Ya jawo kujera, ba don kansa ba.
Zauna, in ji shi. Juya mariƙin.
A'a, ba haka ba, ba niƙa kike yi ba.
Saurara. In wuƙar ta daina magana, tsaya.

Na juya. Ɓurɓushin tagulla ya zubo,
siriri, murɗaɗɗe, ya maƙale a hannun rigata.
Ya miƙo ɗan magagarin share baki:
juyi biyu ciki, ɗaya waje,
wanda ya yi uku ya yi zalama.

Na auna na talatin da bakwai, allura ta ce lafiya.
Ya karɓa, ya rufe ido,
ya bi wuyan da farcen babban yatsa,
yatsan nan mai karkarwa,
ya tsaya.
Tsaga ce, ba ta kai silin gashi ba.
Ya jefa shi gwangwanin kofi, ya yi ƙara,
a kan goma sha ɗayan nan, bai ɓoye ba.

Wanne shafi ake sayar da wannan? na tambaya.
Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Kwalin dai mun buɗe shi a watan Maris.
Yana aiki, ba laifi, yana da sauri,
yana kuma da ihu.
Shi ke amfani da shi yanzu, yana ƙunƙuni.
Ni na gaji mai mariƙin.

Asabar mun kafa takarda a yadi ɗari shida.
Huɗu suka shiga wuri guda, murfin kwalba ya rufe su.
Na biyar iska ta ɗauke shi taƙi guda hagu.
Orrin ya tsince kwanson daga ciyawa, da ɗuminsa,
ya juya shi a rana, ya duba wuyan,
ya ce, wannan ba laifinsa ba ne,
ya sa a aljihu.