Mai Gyaran Sikeli

Shekara ashirin ina gyaran sikeli
a bayan rumfunan dankali na Farin Gada.
Yau ga Kangyang, 'yar jami'a,
da takarda, da biro mai murfi a taune,
wai ni ta zo aunawa.

Tambaya goma ce, Baba Tanimu, in ji ta,
ka zaɓi ɗaya, biyu, uku ko huɗu.
"In abu ya faɗo mini ba zato,
na san yadda zan yi da shi."

Na ce wane abu?
Ta ce kowane iri.
Na ce 'yata, sikelin kabeji daban,
na zinari daban.

Ran da wuta ta cinye shagona a Taminus
tsayawa na yi ina kallo, hannu a aljihu.
Washegari na ari filaya,
na shimfiɗa buhu a bakin titi.
Rubuta huɗu.

Amma daren da Asabe ta daina amsa sunanta
a gado na bakwai,
maɓallin rigata ma gagara ta ya yi.
Wata uku ina zuba shayi kofi biyu,
ɗaya ya huce yana kallona.
Wannan nawa ne?
Akwai ƙasa da ɗaya?

Ta duba, ta juya takarda.
Ba a bar masa gurbi ba.

To, ji sirrin sana'a:
kafin a ɗora kaya, allura ake dubawa,
ko ta kwanta a kan sifiri.
Tawa ba ta koma ba tun daren nan.
Da kilo biyu nake tashi
kafin rana ta ɗora nata,
duk da haka ina zuwa, ina buɗe akwati,
ina faɗa da tsatsa da yatsu masu sanyi.

Ta busa hannunta, ta ce, to me zan sa?

Sa uku.
Ai ko mai tumatir in ta cika kwano
takan ɗora ɗaya a kai, ta ce gyara.
Ukun nawa ne, da gumina.
Gyaran kuwa Mai shi ke sawa,
bai taɓa gaya mini ranar ba.

Ta rubuta. Saura tara.
Na ce dakata tukuna,
ga Ɗanjuma mahauci can tafe,
rungume da sikelinsa kamar jariri mai zazzaɓi.