Ɗumamen Dodo

Daren Juma'a a Bradford, ruwa na tsiyaya kamar an tilasta shi,
Raliya ta saya mana tikiti biyu da albashinta na fari.
Ta ce, "Baba, fim ɗin nan da kake ba mu labari,
wanda ya hana ka fita fitsarin dare sati guda,
sun sake shi. Zo ka ga dodonka da sabuwar riga."

Na farkon a Funtuwa na gan shi,
a shagon Sallau mai gyaran rediyo,
mu goma sha bakwai kan benci biyu da buhun masara,
sule biyar a bakin ƙofa.
Kaset ɗin ya sha hannu har ya gaji,
hoto na rawa, layuka na bin fuskoki kamar kiyashi.
Turancin ba mai ji sai Namadi,
shi ma rabin fassarar daga cikinsa yake fitowa.
Jinin kuwa, ko yaron goye ya san tumatir ne.
Amma dodon ba su nuna shi ba.
Ƙofa ce kawai ke buɗewa a hankali,
mace riƙe da kyandir, matakalar bene na kuka,
numfashi a bayan labule.
Ana saura taku uku ta isa,
janareta ya yi tari ya mutu.
A duhun nan kowa ya ƙera nasa:
nawa da kofaton jaki, na Namadi da fuskar kawunsa.
Sallau da ashana a aljihu ya kasa ƙyastawa.

Yau ga kujera mai laushi, har da ramin ajiye kofi,
allo ya fi bangon makarantarmu faɗi.
Ba a yi minti goma ba suka fito da shi,
haƙora ɗari, kowanne kwamfuta ta goge shi tas,
ina iya ƙirga gashin hancinsa.
Ƙara ta daki ƙirjina, na zabura, ban musa ba,
sai dai zabura daban, tsoro daban;
ko faranti ya faɗi a kicin ana zabura.
An ce gani ya kori ji.
Ba a gaya mana yana korar tsoro ba.
Matar an ba ta waya da dalilin hawa benen,
dodon an ba shi uwa da ƙuruciya mai ɗaci,
har na fara tausayinsa
kamar maƙwabcin da aka sallama daga aiki.
Ni ɗan gidan ɗumame ne, na san tuwon da kwana ya ƙara wa daɗi.
Wannan an cika wa miyarsa magi har harshe ya rasa tuwon.

Raliya na dariya, bakinta cike da gugguru.
"Wannan ne ya hana ka barci?"
Na ce ba shi ba ne, ƙaninsa ne da ya yi boko.

A saman bas, hanyar Manningham,
barci ya kwantar da ita a kafaɗata.
Namadi shekara tara ke nan a ƙasa.
Sallau idonsa ya rufe, shagon ya koma wurin cajin waya.
Ba sauran wanda zan tambaya
ko matar ta kai ƙofar nan ko ba ta kai ba,
don janaretan bai tashi ba a daren,
washegari mai kaset ya karɓe abinsa.

Muka iso gida. Ƙwan fitilar bene ya ƙone tun Talata,
mai gidan ya ce zai aiko.
Raliya ta haye da gudu, ta bar ni ƙasa da makulli.
Na ɗaga kai. Ƙofar sama a buɗe, faɗin yatsa biyu.
Katako ya yi kuka ƙarƙashin ƙafar da ba tawa ba.
Da furfurata, na tsaya ina jan Ayatul Kursiyyu,
murmushi na neman ɓata min karatu.

Ashe tare muka ƙetaro teku.