Gayyar Soɗi

A Nima, hawa na biyu, saman shagon mai ɗinkin labule,
muka haɗa manhajar adashi, ni da Mutawakilu.
Mata tamanin da huɗu, masu albasa da masu gawayi,
kowace ta zuba sidinta da yamma,
wayarta ta yi ƙara, ta ga lissafinta.

Ba mu muka rubuta komai ba.
Wa yake kaɗa zaren rigarsa da kansa?
Akwai rumbu a intanet, na kowa, ba ƙyaure,
ka miƙa hannu ka ɗauko abin da wani ya ƙera:
mai ƙirga kwanan wata, mai aika saƙo, mai raba kuɗi.
Tara na kira da sunansu.
Da na leƙa uwar garke, ɗari uku da sha ɗaya na tarar
sun baje tabarma.
Kowane baƙo ya zo da ƙanensa,
ƙanen ya zo da abokinsa,
abokin ya riƙo hannun wanda shi ma bai san asalinsa ba.

Na gani, na kau da kai. Ai aiki yana tafiya.

Daren Alhamis, wuta ta dawo ƙarfe ɗaya.
Mutawakilu ya gyara harafi guda a shafin gaisuwa,
ya tura, ya je ya kwanta.
Amma umarnin da na bari a ƙofa cewa ya yi:
duk wanda ya fi sabunta, shigo da shi.
Can a wani gari da ban san sunansa ba
wani bawan Allah ya sauya wa mai raba kuɗi hali,
ya ce daga yau abin da bai kai sidi ba, a share.
Bai cuce mu ba, har sanarwa ya rubuta.
Mu ne ba mu karanta ba.

Da hantsi Hajiya Barikisu ta hawo matakala tana haki,
warin albasa ya riga ta sallama.
Ta dire littafinta mai baƙin bango a kan teburina.
"Ɗan nan, sidi arba'in da fesewa sittin na zuba.
Ina sittin ɗin?"
Na ce kuskuren na'ura ne.
Ta ce, "Na'ura na ba wa amana, ko kai?"

Kokona ya huce a kofi, ban sha ba.

Kwana biyu ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya:
kai wane ne, wa ya kawo ka, lambarka nawa?
Masu taya mu gwaji na ce su zauna a gida,
ba su da abin yi a kasuwa.
Wanda ya shekara huɗu ba mai duba shi, na sallame shi.
Akwai ɗaya mai suna irin na wani sananne,
wasali guda ya raba su.
Wannan da na cire shi sai da na tashi na sha ruwa.
Sauran na zuba su a takardar kulle,
kowa da lambarsa, uku ɗigo biyu ɗigo bakwai,
kowa da zanen yatsansa.
Wanda ya zo da wata fuska, ya kwana a waje.

Mutawakilu ya ce, "Ka kulle su, za su tsufa a ciki.
Ranar da aka toshe ɓaraka a can,
tamu tana nan a buɗe."
Gaskiyarsa.
Shi ya sa duk Litinin, kafin hayaniyar tirotiro,
nake buɗe ƙofar da hannuna, mutum ɗaya,
in karanta abin da ya zo da shi,
in gwada shi a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Fesewa sittin kuwa, tsaba na kai mata har rumfa.
Ta ƙirga sau biyu, ta ɗaure a bakin zane,
ta lashi yatsa, ta buɗe littafin nan,
ta rubuta.