Zirin Sama

Ƙarfe ɗaya saura, Bilbis ta yi shiru,
sai injin mai burodi da karnukan bayan tasha.
Na kife turmin Inna a tsakar gida,
na ɗora ordinata a kansa.

Tagogin ekirana ba sa hawan juna.
In na buɗe ɗaya, ta cinye filin duka,
in ta biyu ta zo, ta farko ta matsa mata,
ba gardama, ba sai ɓera ya shiga rabo ba.
Haka Baba Alkasum ke yanka fangalin albasa,
kowane da iyakarsa, ba mai taka ɗan'uwa.
Sai dai shi yakan ja hanyar ruwa ta bisa kansu.
Ni tawa gonar, sama fayau.
Ban san lokaci ba, ban san abin da ya rage wa batir ba,
sai in ga ekiran ya mutu a hannuna
kamar fitilar da aka manta ba a duba mata kalanzir.

Na sayi forfen dare na dala ɗari.
Rezo na tafiyar jakin da ya sha kaya,
ya tsaya, ya yi tunani, ya ƙara taku biyu.
Da ƙyar zirin ya sauka.

To, sai faɗa masa abin da zai zama.
Tsawonka ashirin da huɗu, na ce, kada ka ƙara.
Launinka na bayan tukunya, rubutunka na nono.
Hagu, lambobin ɗakunan aikina.
Dama, rezo, zafi, batir, agogo.
Na tashe shi.
Babu.

Na sake. Babu.
Na bi layi ɗari da goma sha bakwai da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna,
shayi ya huce, ya yi fata.
Ashe waƙafi ne guda,
ɗan ƙugiyar nan da bai kai ƙwayar gero ba,
na bari a baya, gini duka ya ƙi tsayuwa.

Da ya fito, ya fito da kunya:
inda na sa hoton batir, akwati ne fanko,
inda na sa na rezo, wani akwatin.
Jere, kamar shagunan kasuwa ran da aka yi rasuwa.
Salon haruffan ne babu.
Na ƙara dala hamsin.

Ƙarfe uku ya buɗe ido sosai.
Abu na farko da ya gaya mini:
cikin injin tamanin da ɗaya.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wa ka zo ba labarin zafi a Tawa, a watan huɗu?
Na dai sa masa duwatsu biyu a ƙasa, iska ta ratsa.
Nan kuran ya ɗauke, unguwa ta nutse,
ɗan hoton batir ya juya ya fara ƙirga,
ya kuwa yi ja a sha biyar, yadda na umarce shi.
Yau dai an yi mini sallama kafin tafiya.

Saura wuri kaɗan a ƙarshen dama,
faɗin ɗan yatsa.
Na sa agogo na biyu, na Abijan.
Nawa uku da minti goma, nasa biyu da minti goma.
Zabairu na can bakin ƙofar wani, da tocila,
bai iso awar da nake ciki ba tukuna.
Damina huɗu ke nan yana bina a baya da awa guda.

Layi ɗaya ne a cikin fishiyen.
Ran da ya sauko daga mota a tasha,
zan sa wa layin alamar nan mai kamar gidan dara,
ya yi barci.
Gogewa dai ba zan yi ba.
Na san ƴan gidanmu.